Ƙaramar Bindiga Ba Ita Ce Mai Sauƙin Harbi Ba

A ƙasar Amurka, inda doka ta yarje wa farar hula mallakar bindiga, masu sayarwa sukan miƙa wa mace mai ƙaramin jiki, sabuwar shiga, libarba mara nauyi mai harsashin .38, wai ita ce daidai hannunta. Wannan kuskure ne. Gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon naushin da take yi wa hannu in ta tashi. Ga kunamarta da tauri. Sai mai koyo ta razana, ta riƙa runtse ido, saiti ya ɓace. Kamata ya yi ta fara da mai harsashin .22 a gaban malami, ta kuma tabbata yatsanta yana kaiwa kunama kafin ta biya kuɗi.