Daga ci huɗu a Los Angeles zuwa daren Bouaké: Yaushe ake yanke wa sabon ɗan wasa hukunci?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Runka, ko Safana, ko Batsari, ya san cewa musun da ake yi bayan an tashi wasa ya fi wasan kansa tsawo. Ana kashe janareta, jama'a su koma teburin mai shayi, a buɗe shari'a. Wanda kuma aka fi gurfanarwa shi ne sabon yaron da ƙungiya ta ɗauko, musamman idan mai tsaron raga ne ko ɗan wasan gaba. Wasa uku ko huɗu sun isa a raba majalisa gida biyu. Wasu su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, yaron nan ba shi da ita, a sallame shi tun kafin ya jefa ƙungiya cikin rami. Wasu su ce a yi haƙuri, ai ba a haifi kowa da iyawa ba.

Wannan musu ba na raha ba ne kaɗai. Abin da ake faɗa a teburin mai shayi shi ake rubutawa a Facebook, shi ake ihu da shi a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, kuma shi ke isa kunnen shugabannin ƙungiya, waɗanda a ƙasar nan galibi gwamnatin jiha ce ke naɗa su, ba su kuma da ƙarfin toshe kunne. A ƙarshe abincin wani matashi ne ke rataye a kan maganar.

Mutanen Jihar Katsina suna da misali a hannu wanda ya kamata ya sa su yi taka-tsantsan. A watan Yulin 2021 Najeriya ta kwashi 'yan wasan cikin gida ta je Los Angeles ta kara da Meziko a wasan sada zumunta. Wanda ya tsare raga a daren shi ne Stanley Nwabali, kuma wasansa na farko ke nan a babbar tawagar ƙasa. An zura masa ƙwallo huɗu ba ko ɗaya. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa a Super Eagles ba sai bayan fiye da shekara biyu. A tsakanin nan ya buga wa Katsina United, kuma a 2022, shekarar da ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasar ƙasa tare da Kano Pillars, ya tattara ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu. Da a ce an tambayi majalisa a lokacin, takardarsa ba ta da abin nunawa: ci huɗu a wasan farko, ga kuma ƙungiyar da ta nutse.

Sai ga Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Koci José Peseiro ya ba shi raga. Bayan kunnen doki da Equatorial Guinea, Najeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a ci ta ko ɗaya ba: da masu masauki, da Guinea-Bissau, da Kamaru, da Angola. Ranar 7 ga Fabrairu a Bouaké, a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ya tare bugun fenareti biyu ya kai ƙasar wasan ƙarshe. Yana da shekara 27. Mutumin bai canza hannu ba tsakanin Los Angeles da Bouaké. Abin da ya canza shi ne shekaru biyu da rabi na wasa a kai a kai, da kuma waɗanda ke gabansa. A Los Angeles tawaga ce da aka harhaɗa cikin gaggawa ta fuskanci ƙasar da ke shirin babbar gasa. A Kwaddibuwa kuwa akwai William Troost-Ekong da Calvin Bassey da Semi Ajayi a bayan fili, da tsarin da aka gina domin a tsare gida.

Nan ne kuskuren farko na masu saurin hukunci yake. Suna duba alƙaluman da suka fito daga aikin mutum goma sha ɗaya, su ɗora wa mutum ɗaya. Mai tsaron raga shi ne na ƙarshe da ido ke gani kafin ƙwallo ta taɓa zare, saboda haka shi ke ɗaukar laifin ɗan tsakiyar da ya yi sakaci da kuma mai tsaron bayan da ya yi barci.

Kafin Nwabali, ragar Najeriya ta cinye matasa biyu a cikin wata uku. Ranar 23 ga Janairun 2022 a Garwa, bayan Najeriya ta lashe duka wasanninta uku na rukuni, Youssef Msakni na Tunisiya ya buga daga nesa, ƙwallo ta taɓa hannun Maduka Okoye ta shige. Da wannan ci ɗaya aka fitar da mu. Okoye yana da shekara 22, kuma zagi da barazanar da suka biyo baya a intanet sun kai ga ya rufe wurin sharhi a shafinsa. Ranar 29 ga Maris a Abuja, ƙwallon Thomas Partey ta sulale ta ƙarƙashin Francis Uzoho, aka tashi 1-1, Ghana ta tafi Gasar Cin Kofin Duniya, 'yan kallo suka afka filin Moshood Abiola suka yi ɓarna, FIFA ta ci tarar ƙasar. Kurakuran biyu na gaskiya ne, babu mai musun wannan. Amma Okoye, wanda aka ce ba gola ba ne, ya je Udinese a 2023 ya zama mai tsaron ragarta na ɗaya a gasar Italiya, inda ba a ba mutum raga don kyawun fuska.

Labarin Victor Osimhen ya fi kowanne fitowa fili, don haka ba sai an ja shi ba. Ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015. Ya je Wolfsburg ta Jamus, ya yi shekara ɗaya da rabi bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga zazzaɓin cizon sauro. Ƙungiyoyin Beljiyam biyu sun gwada shi suka ƙi ɗauka. Charleroi ta karɓe shi aro a 2018, ya ci 20 a kaka ɗaya. A 2023 ya ci 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema, shi kuma ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka.

To, idan aka tsaya a nan, sai a ce 'yan haƙuri sun yi nasara. Ni ban yarda ba. Hujjarsu tana da rami, kuma ramin babba ne: suna ƙirga waɗanda suka tsira ne kawai. A gasar Chile ɗin nan da Osimhen ya yi fice, wanda aka ba kyautar gwarzon gasa shi ne kyaftin ɗinsa Kelechi Nwakali. Arsenal ta saye shi, bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, ya yi ta yawon aro. Ba a kawo sunansa a majalisa idan ana kare sabon yaro, domin labarinsa ba ya daɗin faɗa. A bayan kowane Osimhen akwai matasa da dama da suka fara da tuntuɓe suka kuma ƙare da tuntuɓe. Munin farawa ba ya nuna yaro zai lalace, amma ba ya nuna zai yi fice. Wanda ya ce "ai Osimhen ma haka ya fara" bai faɗi komai game da yaron da ke gabanmu ba.

Amurkawa sun daɗe da irin wannan rigima a wasan ƙwallon zari-ruga nasu, inda mutum ɗaya ke karɓar ƙwallo ya jagoranci kowane hari, kuma a ƙa'idarsu ƙungiyar da ta fi kowa rauni ita ke fara zaɓen matasan da suka fito daga jami'a. Ma'ana, yaron da ya fi kowa hazaƙa shi ake jefawa cikin ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa. A 1998 an zaɓi Peyton Manning na ɗaya, Ryan Leaf na biyu. Manning ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau 28 a kakarsa ta farko, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta sha kashi a 13. Shekara mai zuwa lissafin ya juye, 13 da 3, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan da aka taɓa yi. Leaf ma ya fara da muni, kuma cikin 'yan shekaru ya bar wasan. Dukansu sun sha ihu a shekarar farko. Wanda ya dubi sakamako kawai ba zai iya raba su ba. Wanda ya dubi yadda kowannensu ke ɗaukar gyara zai iya.

Ga alama a nan maganar take. Tambayar da ta dace ba "nawa aka ci shi" ba ce, sai dai "wane irin kuskure yake yi, kuma yana maimaita shi?" Akwai kuskuren rashin sabo: gola ya fito ya tari ƙwallon sama a makare don bai saba da saurin masu bugun kusurwa na wannan mataki ba, ko ɗan gaba ya yi satar gida da taki ɗaya don bai gama karantar abokin da ke ba shi ƙwallo ba. Irin wannan wasa ne ke gyara shi. David de Gea ya zo Manchester United a 2011 yana ɗan shekara 20, siriri, ana ture shi a kowane bugun kusurwa har aka ajiye shi a benci na ɗan lokaci, amma tun lokacin saurin hannunsa a bayyane yake, daga baya magoya bayan ƙungiyar suka zaɓe shi gwarzonsu har sau huɗu. Akwai kuma kuskuren da ke nuna abin da babu: ɗan gaban da ba ya ko isa wurin da ƙwallo ke faɗowa, ko golan da aka gaya masa abu guda sau biyar ya sake yi a karo na shida. Ɗan gaban da ke ɓarar da dama uku a kowane wasa ya fi wanda ba ya samun ko ɗaya alamar alheri, ko da yake shi ne ya fi shan zagi, domin kowa ya ga ɓarnarsa.

'Yan kasuwarmu sun san wannan bambanci sarai idan a shagonsu ne. Yaron da ya yi kuskuren canji a makonsa na farko ba a korarsa. Wanda ake kora shi ne wanda aka gyara wa bai ji ba. Babu kuma ubangidan da ke miƙa wa sabon yaro makullin sito a watan farko sannan ya zauna yana jiran ya ga gazawarsa. Ma'aikacin gwamnati shi ma shekara biyu yake yi a matsayin gwaji kafin a tabbatar masa da aiki. Amma mutum guda ɗin nan, da ya shiga gidan kallo, wasa uku yake ba yaro. A wasu lokutan ma, a faɗi gaskiya, ba kishin ƙungiya ke magana ba, kuɗin da aka saka a cacar ƙwallo ne suka tafi.

Sai dai haƙuri yana da farashi, kuma ba 'yan kallo ke biya ba. A gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi huɗu ke faɗuwa kowace kaka. Katsina United ta ɗanɗana a 2022 kafin ta dawo a 2023, kuma kowa ya ga abin da shekara ɗaya a ƙasa ke jawowa. Kocin da ya san shan kashi uku a jere na iya raba shi da kujerarsa ba zai yi renon kowa ba. Zai nemo tsohon hannu, ko da ƙafarsa ta gaji. Idan kuma kwantiragin yaron gajere ne, kamar yadda aka saba a gasar, me zai sa ƙungiya ta jure kurakuransa na bana alhali baɗi wata ce za ta ci moriyar? Ba mugun hali ke sa a yi ta sallamar matasa ba, tsarin ne ba ya ba mai haƙuri lada. A Turai an samo hanya ta tsakiya, wato aro: yaro ya sauka mataki ɗaya ya yi kurakuransa inda ba su da tsada. Abin da ya ceci Osimhen ke nan. Mu a nan zaɓi biyu ake ba shi, ko raga a gaban dubban mutane, ko hanyar gida.

Ga yaron da ya taso a Runka ko wani ƙauye na gefen Dajin Rugu, nauyin ya ninka. Ya koyi wasa a filin ƙasa mai tsakuwa, inda gola ke tunani sau biyu kafin ya yi tsalle ya faɗi. Shekarun rashin tsaro sun rage tafiye-tafiyen wasa tsakanin garuruwa, kuma a ƙarshen 2021 ma an yi watanni babu layin waya a Safana da Batsari. Idan irin wannan yaro ya kai ga sanya rigar wata ƙungiya ta ƙwararru, a watanninsa na farko yana koyon abubuwa da yawa lokaci guda: yadda ƙwallo ke gudu a kan ciyawa, tafiyar kwana ɗaya ko biyu a mota zuwa Aba ko Fatakwal, da wasa a gaban jama'ar da ba ta jin harshensa. Takwaransa da ya fito daga makarantar horar da 'yan wasa a Legas ko Abuja ya riga ya wuce rabin wannan karatu kafin ranar farko. Auna su da mudu ɗaya a wasa na huɗu ba adalci ba ne, kuma ba wayo ba ne ga ƙungiyar da ke neman ta sayar da ɗan wasa ta samu kuɗi.

Nawa ne adadin da ya isa? Babu lamba guda, amma a ganina ƙasa da kaka ɗaya cikakkiya, gida da waje, rani da damina, zato ne kawai ake yi. Ga mai tsaron raga ma ya fi haka, domin sana'a ce da ake nuna a makare. Da yawansu sai sun doshi shekara talatin suke kai ƙololuwa. Abin da ɗan kallo zai iya yi kafin nan shi ne ya riƙe kuskuren da ya gani a watan farko, ya duba ko yana nan a wata na biyar. Katsina United ta taɓa samun Nwabali a ragarta, kuma sai da ya tare fenareti a Bouaké sannan da yawa daga cikin masu zuwa filin Muhammadu Dikko suka tuna cewa sun taɓa ganinsa.