Wa Ya Ce Ƙarya Muke Karantawa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwana na jami'ar nan, har ta fara samun gindin zama saboda ba mai tanka mata. Wai mu ɗaliban adabi ƙarya muke karantawa. Ɗan sashen kimiyya ya faɗa, ɗan sashen shari'a ya faɗa, har wasu 'yan'uwanmu da suka yi karatun zaure, waɗanda ya kamata su fi kowa sani, sukan ce ina amfanin mutum da girmansa ya baro gida ya zo ya kashe shekaru a kan tatsuniya. To, shirun ya isa haka. Ni yau zan tanka, wanda abin ya yi wa zafi shi ma ya ɗauki alƙalami.

Zargin dai ba sabo ba ne. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya tarar da yawansu suna ganin wannan aikin mata da yara ne, bai kamaci malami ba. Duk da haka gasar ta haifar mana Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Sunan da muka raɗa wa abin ma bai taimake mu ba, don a bakin Bahaushe ƙage shi ne a laƙa wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba.

Amma mu tsaya tukuna, mene ne ƙarya? Maƙaryaci yana gaya maka abin da bai auku ba, yana so ka ɗauka ya auku, don ya ci wani abu daga gare ka. Ranar da ka gane, cinikinsa ya lalace. To, dubi tsohuwa mai tatsuniya. Kafin ta fara sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, watau an ƙulla yarjejeniya ke nan. In ta gama ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wane maƙaryaci kuka taɓa gani yana shela a farkon zancensa, yana kuma tona kansa a ƙarshe? Ba yaron da ya taɓa wayar gari ya tafi neman gidan Ƙoƙi. Amma duk yaron da ya saurara ya tashi ya san mai kwaɗayi da mai wayon banza, kuma in ya girma zai gamu da su a kasuwa da ofis, ya shaida su.

Ku kuma 'yan zaure, da ku na fi jin haushi. Wane littafi ake taƙama da shi in an zo fagen lugga? Muƙamar Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122. Muƙama hamsin ce, dukkansu labarin Abu Zaidi ne, tsohon ɗan damfara mai zaƙin baki, yau ya fito a mai wa'azi gobe a makaho, yana yashe aljihun jama'a, Harisu ɗan Hammamu yana ba da labarinsa. Ko da an ce wani tsohon mabaraci da Hariri ya gani a masallaci ne ya ba shi tunanin, ba malamin da ya taɓa cewa abubuwa hamsin ɗin nan sun auku. Shi kansa Hariri ya san za a zarge shi, ya kare kansa tun a gabatarwa da cewa aikinsa kamar labaran nan ne da ake sa wa a bakin dabbobi don a koyar. To, in Abu Zaidi ya halatta a zaure gaban malam, me ya haramta Malam Zurƙe? Ko kuwa damfara in an yi ta da Larabci sai ta zama ilmi?

Babban abokin gabarmu ma ba a nan yake ba, yana ƙasar Girka, ya kuma riga ku da fiye da shekara dubu biyu. Aflaɗun, wanda Turawa ke kira Plato, ya ce a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara a littafinsa na Jamhuriya. Hujjarsa tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ya ce akwai ainihin gado, wanda hankali kaɗai ke riska. Kafinta ya kwaikwayi wannan ya sassaƙa na katako. Mai zane kuma ya kwaikwayi na kafinta. Mawaƙi da mai labari irin mai zanen nan ne, inuwar inuwa suke sayarwa. Madalla. Amma da ya zo zai fahimtar da mu cewa duniyar da muke gani ita kanta inuwa ce, me ya yi? Sai ya ce mu ɗauka akwai waɗansu mutane ɗaure cikin kogo tun suna yara, fuskarsu na kallon bango, wuta na ci a bayansu, ba su taɓa ganin komai ba sai inuwoyi, har suka ɗauka su ne gaskiya. Jama'a, wannan mene ne in ba ga ta nan ga ta nanku ba? A wane gari kogon yake? Mutumin da ya kori masu labari ta ƙofa ya rasa yadda zai yi sai da ya shigo da labari ta taga, kuma yau abin da aka fi tunawa a littafin ke nan.

Shi kuwa wannan zahiri da ake yi mana gori da shi, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya auna shi a Munƙizu. Ya ce ido, wanda ya fi sauran gaɓoɓi ƙarfi, yana kallon inuwa ya ce tsaye take, bayan sa'a guda ka ga ashe tafiya take yi. Yana kallon tauraro ya ce bai wuce dinari ba, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Har ya tambaya, mai mafarki ba ya sakankance da abin da yake gani sai ya farka? Ɗan kimiyya ya fi ni sanin haka, shi da aikinsa duka ƙaryata ido ne.

Ku ɗauki Gandoki na Bello Kagara. Rabin farko tarihi ne da kowa ya sani, zuwan Turawa da faɗuwar Kwantagora da tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru gabas, wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Daga nan sai labari ya tsallaka ƙasar aljanu, Gandoki da ɗansa Garba Gagare suna ta cin yaƙi. Mai gaggawa zai ce rabi gaskiya rabi ƙarya. Ni kuwa a ganina rabin aljanun ya fi tona asiri. Takobin da ya kasa gaban bindiga mai ruwa, ina zai je ya yi ci in ba ƙasar aljanu ba? Rahoton Lugga zai gaya maka ranar da aka ci gari. Abin da jarumin da aka ci yake saƙawa a ransa in ya kwanta da dare kuwa, sai ka zo wurin Bello Kagara.

Haka Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara don ya yi amarya. Ba ta da takardar haihuwa, amma ku nuna mini unguwar da babu ita.

Ban ce duk abin da aka buga tsarkakakke ne ba. Akwai littattafan da na yarda ruɗi ne, sai dai ba masu aljanu ba ne. Su ne masu kama da zahiri, an ambaci titi da unguwa da sunan mota, amma kowace 'yar talaka sai ta auri mai gidan bene, ba mai neman aiki, ba mai bin layin asibiti. Ruwan Bagaja bai taɓa sa wani ya ɗaura ɗamara ya tafi neman ruwan ba. Irin waɗannan kuwa kawalwainiya ce, mai ƙishi yakan bi ta. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. In tatsuniyar banza ce, me ya kai gwamnati ga ashana? Kuma da aka ƙona, an daina rubutawa ne? Abin da ake bukata shi ne mai karatun da zai iya rarrabe wanda ya nuna masa duniya da wanda ya rufe masa ido, kuma wannan shi ne karatun da ake mana dariya a kansa.

Wanda bai gamsu ba ya zo zaman ƙungiya da Muƙamarsa a hannu. Mu buɗe ta farko, ta San'a, ya gaya mana a wace shekara Harisu ɗan Hammamu ya sauka garin, wa kuma ya gan shi.