An kore shi daga kwalej: ina rabonsa ya tafi?



Duk ƙarshen shekarar karatu, ranar da aka raba bilten, akwai yaran da ba su komawa masauki kai tsaye a garin nan na Dakoro. Za ka gan su a gindin bedi, takarda a ninke cikin aljihu, ba mai ce wa wani uffan. An rubuta musu kalma guda a ƙasan bilten: an kore su. Sauran yara suna murnar hutu, su kuwa suna tunanin da wane baki za su faɗa wa tsoho.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata yana cikin irin waɗannan. Ƙauyensu yana can arewa, wajen kwarin Tarka. A CM2 shi ne na farko a ajinsu, har malaminsa ya zo gida da kansa ya roƙi a bar shi ya ci gaba. Ƙauyen ba kwalej, sai aka kawo shi gari aka damƙa shi hannun mai masauki. Da asuba ɗibar ruwa, da yamma ciyawar tumaki, da dare aike. Sau da yawa da cikin wofi yake shiga aji. Malamin lissafi bai iso ba sai da shekara ta yi nisa. Ya maimaita sizyam, a sankiyam makinsa bai kai ba, shi ke nan. Shekarunsa 15 a lokacin. Yau yana wajen haƙar zinari a arewacin Agadas, sai mu yi wata biyu ba mu ji muryarsa ba.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wallahi. Kuma tun ranar nake da tambayar da ban samu mai amsa mini ba. Lokacin da yake aji, gwamnati tana kashe wani abu a kansa, komai ƙanƙantarsa: albashin malam, tebur, alli, takardar jarrabawa. Wannan kuɗin talakawa ne, har da harajin da ubansa ke biya duk ranar da ya kai akuya kasuwa. To ranar da aka kore shi, ina rabonsa ya tafi? Wa ya ce haƙƙin yaro a kan ƙasarsa yana ƙarewa da jan biro?

Wannan tambayar ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka an daɗe ana gardama a kan abin da suke kira zaɓin makaranta, wato kuɗin da gwamnati ta ware wa yaro ya bi shi duk inda iyayensa suka ga ya fi masa. Wani masanin tattalin arziki, Milton Friedman, ya kawo shawarar a 1955. Birnin Milwaukee ya fara gwada ta a 1990 don ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi, jihar Arizona kuma ta buɗe ta ga kowane yaro a 2022. Ba sai mun tafi nesa ba ma. Waɗanda suka yi ci-rani a Abijan sun san yadda ake yi a Kwaddibuwa: yaran da suka ci jarrabawar shiga sizyam amma ba wuri a makarantun gwamnati, ana tura su makarantu masu zaman kansu, gwamnati ta biya musu. Sun kuma san kukan da masu makarantun ke yi kullum na rashin biya kan lokaci.

Ni ina goyon bayan asalin maganar: kuɗin yaro ya bi yaro. Amma kada mu haɗiye ta ba taunawa.

Zaɓi sai da abin zaɓa. Uban da ke Yamai ko cikin Maraɗi yana da makarantu barkatai a gabansa. Uban da ke Azagor ko Badar Gula, me zai zaɓa? Idan aka ce a raba wa kowa takardar biyan makaranta ya kai inda ya ga dama, kuɗin zai gangara ne zuwa manyan birane inda makarantun kuɗi suke, a bar na ƙauye da rumfar kara. Kuma mun san abin da rumfar kara ta jawo mana. Ba mu manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da gobara ta tashi a wata makarantar firamare a Maraɗi ta halaka yara sama da 20. Makarantar gwamnati da ke cikin wannan hali ba a yanke mata ko dala ɗaya. Saboda haka abin da nake nema bai shafi yaran da ke zaune a aji ba. Maganata a kan waɗanda aka riga aka tura waje ne, waɗanda ba wanda ke ƙirga su.

Sai maganar karatu ta intanet. Na san da yawa cikinku za su ce: ai zamani ya zo, a ba yaro waya ya yi karatu daga gida. Na taɓa yarda da haka. Amma ku duba abin da ya faru a inda wuta ba ta ɗaukewa kuma kowane gida akwai kwamfuta. A 2015 wata cibiyar bincike ta jami'ar Stanford ta auna ɗaliban makarantun intanet da gwamnati ke biya wa a Amurka, ta kwatanta su da takwarorinsu masu zuwa aji. A lissafi, an tarar sun yi baya kamar wanda ya rasa kwana 180 na karatu, alhali shekarar karatun gaba ɗaya kwana 180 ce. Kamar ba su taɓa littafin ba ke nan. A jihar Ohio kuma, wata babbar makarantar intanet mai suna ECOT ta rufe a farkon 2018, bayan hukuma ta gano tana karɓar kuɗi da sunan yaran da ba a iya nuna cewa suna karatun ba, aka ce ta maido da miliyoyin dalar Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yaron da karatu ya riga ya kayar, shi ne ya fi kowa buƙatar wanda zai tsaya a kansa. Mai ƙoƙari, ko littafi ka ajiye masa zai karanta. Wanda ya faɗi sau biyu kuwa ya riga ya gaya wa kansa cewa kansa ba ya ja. Ka ba shi waya ka tafi, minti goma ya isa ya koma TikTok. Mu kanmu manya haka muke yi, balle shi.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu daga watan Maris zuwa farkon Yuni, yara nawa kuka sani a unguwarku da suka ci gaba da karatu ta waya? Waya ta uba ce, yana fita da ita. Caji sai an biya a shago. Kuɗin forfe ya fi na cefane zafi. Rezo kuma, kowa ya san inda ake tsayawa a ɗaga hannu sama kafin saƙo ya tafi. Gaskiya ne Starlink ya shigo Nijar a 2025, kuma zai taimaka a wuraren da kamfanonin waya ba su kai ba. Amma matsala guda ya warware cikin biyar.

Kada wani ya ce ina adawa da na'ura. Tarihinmu ma ba zai bar ni ba. Da yawa ba su san cewa Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada karatu daga nesa ba. A 1964 aka fara talabijin ɗin makaranta a ƙasar nan, tun kafin a samu tashar talabijin ta jama'a. Ana shirya darasi a Yamai, yara suna kallo a aji. Abin lura shi ne, ba a taɓa barin yaran su kaɗai da akwatin ba. A kowane aji akwai mai kula, wanda karatunsa bai yi zurfi sosai ba amma an horar da shi, yana maimaita darasin da su, yana duba aikinsu. Meksiko ta ɗauki irin wannan hanya a 1968 don yaran karkara masu shekarun kwalej, kuma har yau tsarin yana aiki: darasi ta allon talabijin, malami guda a aji. Senegal da ta buɗe jami'ar intanet a 2013, sai da ta gina wa ɗaliban zaurukan karatu a garuruwa, da wuta da intanet da masu taimaka musu. Manyan ɗalibai ke nan fa, masu BAC a hannu. Ina ga ɗan shekara 14?

Darasin ɗaya ne a ko'ina: na'ura tana kawo darasi, amma sai da ɗaki da mutum karatu ke zama.

To ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, a matsayinmu na ƙungiya.

Na ɗaya, a daina kora a ɓoye. Kowace kwalej ta miƙa sunayen yaran da ta sallama ga hukumar ilimi ta yanki da ofishin magajin gari, a kira uban yaro ko mai riƙonsa a zauna da shi. Yanzu yaro yana ɓacewa ne kamar an jefa tsakuwa a rijiya.

Na biyu, duk yaron da aka kora kafin ya kai turwaziyam, a buɗe masa rabo da sunansa na shekara biyu ko uku. Kada a ba shi tsabar kuɗi, kada a ba ubansa, don mun san halin rani da abin da yunwa ke sa mutum. A biya wurin da ya zaɓa kai tsaye.

Na uku, zaɓin ya zama na gaske. Mai son sana'a ya tafi cibiyar koyon sana'a ta CFM, a biya masa kayan aiki. Mai son komawa aji ya shiga makaranta mai zaman kanta ko ta Faransanci da Larabci da hukuma ta amince da ita. Wanda kuma rana ba tasa ba ce, saboda kiwo ko shago ko aikin gida, a buɗe masa zauren karatu na yamma. Azuzuwan kwalej ai a rufe suke kwana. A sa fanel ɗin hasken rana, a kawo allo babba da darussan da aka riga aka ɗauka aka zuba a na'ura, yadda ko ba rezo za a kalla. A ɗauki matashi guda mai BAC, cikin ɗimbin da ke zaune a fada suna shan shayi ba aikin yi, a horar da shi, a biya shi. A ƙarshe yaran su zauna BEPC a matsayin kandida libir, hanyar da dama doka ta buɗe.

Na huɗu, a yi bayanin darussan da Hausa. Tun watan Maris na 2025 kundin da ake mulki da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To mu gani a aji. Yara da yawa ba lissafi ne ya kayar da su ba, Faransancin da aka naɗe lissafin a ciki ne. A fahimtar da yaro da harshen da yake mafarki da shi, sannan a koya masa yadda zai rubuta amsar da Faransanci. Ƴaƴan Fulani da Buzaye na arewacinmu su ma a yi musu da nasu.

Na biyar, kuma shi ne ƙashin bayan komai: ba a biyan kowa a kan jerin sunaye. A biya a kan yaron da aka gani da ido yana zuwa, kashi-kashi, kashin ƙarshe sai ya zauna jarrabawa. A liƙa sunayen da adadin kuɗin a ƙofar ofishin magajin gari. Kwamitin iyaye ya sa hannu. In ba haka ba, nan da shekara guda za ku ga makarantun da ba su da ko ƙofa suna da ɗalibai ɗari uku a takarda.

Ban manta da ƴan mata ba, su ne ma suka fi shiga uku. Namiji in an kore shi yana kama hanyar Agadas ko Libiya ko Najeriya. Mace kuwa kafin kaka ta zagayo an sa rana. Yankinmu na Maraɗi yana cikin inda aka fi aurar da yara mata da wuri a duk ƙasar. Akwai dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba na 2017 don kare yarinyar da ke makaranta da tallafa mata har ta kai shekara 16. Amma wadda aka kora fa? Kariyar ta tsaya a bakin ƙofa. Uban da ba zai bar ɗiyarsa ta tafi wani gari hannun mai masauki ba, zai iya barin ta ta je zauren karatu na unguwa, musamman in mai kula da su mace ce. Mu tambaye su mu ji.

Na san abin da za a ce: ina kuɗi? Ƙasa na cikin yaƙi, malaman kwantaragi ma da ƙyar ake biyan su. Ban musa ba. Shi ya sa ban ce a fara da ƙasa duka ba. A fara da zaure ɗaya a Dakoro, ɗaya a Kornaka, shekara biyu, a ƙirga yaran da suka shiga da waɗanda suka fita da BEPC. In bai yi ba, ni zan fara faɗa a wannan shafi. Sannan masu cewa ba kuɗi su yi mana ɗaya lissafin: nawa ƙasa ke asara a kan yaron da ta koyar shekara bakwai ko takwas, sannan ta sake shi ba takarda ba sana'a, a zamanin da masu ɗauke da bindiga ke neman irinsa ido rufe?

Kafin hukuma ta motsa, ga namu aikin. Kowa a cikinmu ya zagaya unguwarsa cikin makon nan, ya rubuta yara nawa aka kora daga kwalej cikin shekara biyun da suka wuce, maza nawa, mata nawa, a wane aji, kuma yanzu me suke yi. Kada a yaɗa sunan kowa, kada a ɗauki hoton ɗan kowa, adadi kawai muke so. Mu haɗa mu kai wa magajin gari da hukumar ilimi da hannunmu. Wanda ya je da surutu ana sallamar sa da shayi. Wanda ya je da lissafi dole a ba shi kujera.

Ɗan uwana da na ba ku labari, da muka yi waya kwanan baya ya tambaye ni ko har yanzu mutum na iya zama BEPC in ya girma. Na ce masa ana iyawa. Ya yi shiru, sannan ya ce to wa zai koya masa. Ban da amsa a ranar. Ina so in ya sake kira ya tarar muna da ita.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da na nesa lafiya.