In Malami Ya Ajiye Alli

Akwai wata al'ada da ta daɗe a makarantun ƙasar nan, har idon mutane ya saba da ita, ba mai tambayar dalilinta. In malami ya gwanance a aji, yaransa suka riƙa cin jarrabawa, ladan da a kan ba shi shi ne a fitar da shi daga ajin. Yau a naɗa shi Hedimasta, gobe a kai shi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, jibi sai a ji yana Katsina yana juya fayil. Muna so mu tattauna wannan al'amari da malaman makaranta da malaman ofis, tun ba ma na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ba, domin a Dutsin-Ma ne Kwalejin Ilmi ta jihar take, inda ake horar da waɗanda za su riƙe makarantunmu gobe.

Ba mu ce laifi ne malami ya shiga mulki ba. Ai tarihin Arewa duka shaida ne. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, don horar da malamai aka gina ta, amma daga cikinta shugabannin ƙasa suka fito. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, kafin a ba shi hakimcin Raba a 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Hedimasta a Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Minista a 1957. Shehu Shagari ma ya daɗe yana malanta kafin ya shugabanci ƙasa a 1979. Abin da ya kamata mu duba shi ne yadda suka yi wannan ƙaura, da kuma abin da aka bari a baya.

Mu ɗauki mutumin da Kwalejin Dutsin-Ma ta ci sunansa, watau Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina. Ya yi wajen shekara 9 yana riƙe da alli a Midil ta Katsina. A 1941 ya tafi Ankara aikin rediyo, ya komo ya shiga aikin En'e ta Katsina, sa'an nan ya je Ingila ya koyi ilmin mulki a Exeter. Sai bayan wannan duka ya zama Minista a 1954, aka ba shi Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa a 1957, ya riƙe ta har 1966. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ku lura, bai yi tsalle daga aji ya faɗa kujera ba. Tsani ya bi, a kowane mataki yana koyon aikin da ke gabansa. Tafawa Ɓalewa ma sai da aka aika da shi Landan a 1945 ya ƙaro ilmin aikin makaranta, kafin a ɗora masa duba makarantun En'e ta Bauchi.

To, yau fa? Sau da yawa malami yakan kwana yana malamin aji shida, ya wayi gari da takarda a hannu cewa shi ne shugaban makaranta a Birchi, ko Rawayau, ko Karofi. Ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tsara jadawalin darasi in malamai sun kasa, ko yadda ake riƙe littafin kuɗi da na kayan makaranta, ko yadda ake yi wa abokin aiki gyara ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ba a koya masa zama da Dagaci da Liman da iyaye don a dawo da yaran da aka janye zuwa gona ko talla ba. Sai a yi hasara biyu a rana guda: aji ya rasa gwaninsa, makaranta kuwa ta sami shugaba mai lalube cikin duhu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Nauyin kuwa ƙaruwa ya yi. Tun da aka fara shirin ilmin firamare kyauta a 1976, aka sake ƙaddamar da wani a Sakkwato a 1999, ɗalibai suka yi yawa ƙwarai, har malami ɗaya ya kan tsaya gaban ajin da a da sai a raba shi biyu. Ga kuma abin da kakanninmu ba su taɓa zato ba. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, a cikin jihar nan tamu. Tun daga ranar, shugaban makaranta ya zama mai amsa tambayar rayukan 'ya'yan mutane: ina katanga, wa ke gadi, wa za a kira in dare ya yi? Wanda za a ɗora wa irin wannan amana ya cancanci a shirya shi tun kafin ya karɓe ta.

Saboda haka ga shawararmu. Da fari, kada a naɗa kowa shugaban makaranta sai ya yi mataimaki a ƙarƙashin gogaggen Hedimasta, ya kuma yi kwas na musamman a kan riƙon makaranta. Ba sai an je nesa ba. Gwamnatin Tarayya tana da cibiyar koyar da tsarin mulkin makarantu a Ondo, amma ga Kwalejin Isa Kaita a ƙofar gida, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011. In an yi niyya, lokacin dogon hutu ya isa a tara shugabannin makarantun Kurfi da Dutsin-Ma a ba su horo, tsofaffin da suka yi ritaya su zo su ba da abin da suka sani.

Na biyu, a buɗe wa malamin aji hanyar ƙarin girma yana nan a ajinsa. Galibin masu neman ofis ba ƙin yara suke yi ba. Sun duba ne sun ga albashi mai kauri da daraja duk suna can inda babu ƙurar alli. Dokar 2022 ta yarje wa malami ya yi aiki har ya kai shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 a bakin aiki. Ina amfanin wannan tsawo in za a ƙare shi a kan benci ana jiran fayil? Gwanin koyar da lissafi ya kamata ya iya kai wa matakin albashin Darakta, allinsa na hannunsa, yana horar da na baya.

Na uku, ga waɗanda suka riga suka shiga ofis, Sakatarorin Ilmi da masu duba makarantu da akawunansu. Ku ne magadan ma'aikatan En'e na da, kuma kun san malamin duba makarantu na wancan zamani a kan doki ko keke ya ke zagaya ƙauyuka, ya zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya buɗe littattafan yara ya gani da idonsa. Takardar da kuka bari ta kwana wata uku a kan tebur, ƙarin girman wani ne, ko rufin ajin da iska ta yaye. Wanda ya taɓa jiran albashi a ƙauye bai kamata a tuna masa zafin jira ba. Kuma kada a bar naɗin Hedimasta ya zama kyautar da ɗan siyasa ke raba wa magoya bayansa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi kuma Hedimasta, muna roƙonsa ya riƙe ko da darasi biyu ko uku a mako. Shugaban da malamansa ke ganinsa a gaban allo da sassafe ba ya bukatar doguwar huɗuba a kan makara.

Yaron da ke zaune a ƙasa yau a Wurma ko Makera bai san sunan Darakta ba, bai kuma san inda fayil ke kwana ba. Abin da ya sani shi ne ko malami ya shigo aji ko bai shigo ba. Da wannan ma'auni za a auna mu duka, mai alli da mai alƙalami. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.