Filin Kiɗa da Waƙa: Faifan da Aka Ɗauka da Tarin Jama'a

A wannan wata za mu leƙa kiɗan piyano na Turawa, wanda ba kasafai ake jinsa a gidajenmu na Sabha ba, domin akwai darasi a cikinsa game da tsofaffin kaset-kaset ɗinmu.

Sviatoslav Richter makaɗin piyano ne na Tarayyar Sobiyet, an haife shi a 1915, ya rasu a Mosko a 1997. A watan Fabrairun 1958 ya yi wasa a Sofiya, babban birnin Bulgariya. An ɗauki sautin a zauren, daga baya kamfanin Philips ya fitar da shi a faifai. Wanda ya saurara zai ji 'yan kallo suna ta tari, kuma tun a farkon kiɗan da Mussorgsky ya tsara, yatsan Richter ya zame ya taɓa inda bai nufa ba. Bai tsaya ba, sai ma ya ƙara ƙaimi. Har yau masana na lissafa faifan cikin mafi daraja a wannan fanni.

Ba kowa ya yarda da haka ba. Glenn Gould na Kanada ya daina wasa gaban jama'a a 1964, ya koma ɗakin ɗaukar sauti, inda ake maimaita kiɗa, a yanke kuskure, a liƙa mai kyau. Aikinsa ya fita tsaf, amma faifan Sofiya ya fi shi abu guda: mai sauraro yana jin mutum a ranar da ba shi da damar gyara.

Mu Hausawa mun san wannan. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ƙago baiti nan take a wajen biki, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa. A kaset ɗin da aka ɗauka a irin wannan wuri ana jin guɗa, ana jin maroƙi yana shelar kyauta. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma wataƙila yana cikin akwatin wani dattijo a Gurda ko Mahdiyya.

To, jama'a, zafin Fezzan kan wuce digiri 40, kuma zafi da ƙura ne ke kashe zaren kaset. Ku raba su da rana, ku nisanta su daga lasifika, domin maganaɗisunta na ɓata sauti. Ku sa yara su kwafe su a kwamfuta ko waya, kada a yanke hayaniyar. A tambayi masu su sunan makaɗi, da gari, da shekara, a rubuta tun suna raye.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.