Zumuncin Aji Ba Ya Ƙarewa A Bakin Kabari

Ba shakka babu labarin da ke sanyaya jikin ma'aikaci kamar ya ji an ce wane, wanda suka zauna benci ɗaya a makarantar sakandare, Allah Ya yi masa rasuwa. Rasuwar sa'a wa'azi ce mai shiga jiki, domin kuwa mutum yakan tuna cewa rana ɗaya aka rubuta sunayensu a rajista, kwano ɗaya suka ci, bulala ɗaya suka sha. To, abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne yadda tsofaffin ɗalibai ke tunawa da irin wannan aboki, musamman a ƙasar Rano da Kibiya, inda galibin 'yan boko suka bar gida suka tafi neman abinci a birnin Kano ko Kaduna ko Abuja.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Da zarar labari ya fita sai a baza hoton marigayi a WhatsApp, kowa ya rubuto addu'a. Waɗanda suka sami hali su yi ayari zuwa Rurum ko Saji ko Tarai ko Durba, a zauna a kan tabarma a ƙofar gida, a yi fatiha, a tuno da ƙwazonsa a aji da barkwancinsa a ɗakin kwana. A haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a miƙa wa wan marigayin. Kafin la'asar an shiga mota, domin gobe akwai ofis. Wannan duk abin yabo ne, don zumunta a ƙafa take. Amma fa ranar da aka naɗe tabarmin zaman makoki, ran nan ne wahalar gidan take somawa. Matar tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, albashi ya tsaya, kuɗin jarrabawar babban yaro ya taso, masu bin bashi sun fara sallama. A wannan lokaci da wuya a ga ƙeyar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka cika ƙofar gidan.

Shekarar 2020 ta isa ta zama darasi. A watannin Afrilu da Mayu na wannan shekara, lokacin annobar korona, Jihar Kano ta yi rashin manyan mutane bi da bi, har da malaman jami'a irin su Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba. Ran 2 ga Mayu kuma Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila, Autan Bawo, ya riga mu gidan gaskiya, aka naɗa Hakimin Kibiya na lokacin, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa, ya gaje shi. A waɗannan makonni dokar zaman gida ta hana tafiye-tafiye da taruwa, mutane da yawa aka kai abokansu makwanci ba su sami halarta ba. Taron ta'aziyya ya gagara, amma marayu suna nan, basussuka suna nan, yunwa ba ta san da dokar kulle ba. Watau dai an gani ƙiri-ƙiri cewa taro kan iya faɗuwa, alhali haƙƙin da ke wuyan masu rai ba ya faɗuwa.

Wannan magana ta fi matsawa a yanzu saboda wani lissafi mai sauƙi. Yaran da suka shiga aji ɗaya a watan Satumba na 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ba da ilmin firamare kyauta, su ne suka cika makarantun sakandare a farkon shekarun 1980, ciki har da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977. Waɗannan yara yau sun haura shekara 50, suna dab da ajiye aiki, tun da ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Da yawansu su ne 'yan boko na farko a gidajensu, su ke ɗauke da iyaye da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa. Idan irin wannan mutum ya faɗi, ba gida ɗaya ke girgiza ba.

Addinin Musulunci bai bar wannan al'amari a duhu ba. Malaman fiƙihu sun jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, kana a raba wa magada abin da ya saura. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa an taɓa kawo wata gawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi mata salla saboda bashin da ke kan mamacin, sai da Sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Haka nan an san matsayin da aka yi wa mai riƙon maraya alkawari a Aljanna, an kuma san cewa sadaka mai gudana da ilmi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a su ne ke bin mutum bayan aikinsa ya yanke. Duk wanda ya biya wa ɗan abokinsa kuɗin makaranta ya taɓa waɗannan ƙofofi gaba ɗaya.

Tarihin Arewa ma yana da misali. Marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari abokan karatu ne a Makarantar Sakandare ta Lardin Katsina, daga can suka shiga soja a 1962. Da Shehu ya rasu a gidan kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997, 'yan'uwa da abokan arziki ba su tsaya a kan yabo kawai ba. A 1998 suka kafa gidauniya da sunansa, aka gina cibiya a Abuja, aka kuma ɗauki nauyin karatun yara masu hazaƙa daga gidajen marasa ƙarfi. Wani zai ce ai wannan harkar manya ce. Gaskiya ne, amma abin koyi a ciki shi ne tsari da ɗorewa, kuma waɗannan ba sai mai miliyoyi ke iya su ba.

Babban taimakon da abokan aji za su iya yi sau da yawa ba ya ma bukatar ko kwabo. A 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta bayyana cewa ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin ma'aikatan da suka rasu wanda ya haura Naira miliyan dubu 48, ta kuma soma biya kashi-kashi a ƙarshen wannan shekara. Ga ma'aikatan Tarayya kuwa, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Amma haƙƙi ba ya tafiya da ƙafarsa zuwa ƙauye. Sai an kawo takardar shaidar rasuwa, da takardar kama aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar magada daga kotu, sa'an nan a yi ta bin fayil daga tebur zuwa tebur. Matar da ke takaba a Kibiya, ko tsohon da bai taɓa taka Sakatariyar Audu Baƙo ba, yaya za su yi da wannan? Alhali kuwa a cikin kowane aji da wuya a rasa akawu ko lauya ko jami'in mulki wanda ya san kowace ƙofa. Sa'a biyu a mako daga irin wannan mutum ta fi dogon jawabin ta'aziyya amfani.

Akwai masu cewa riƙon maraya aikin dangi ne, bare ba shi da hurumi. Lalle dangi su ne a gaba, kuma ba daidai ba ne abokai su tsoma baki a rabon gado ko su tsallake waliyyin yara. Amma taimako ta hannun waliyyi ba shisshigi ba ne, balle ma sau da yawa marigayin shi ne bangon da dangin kansu ke jingina da shi. Akwai kuma masu cewa su ma da kyar suke kai ƙarshen wata. Wannan ma gaskiya ne, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari mutum guda, mutum arba'in za su ɗauka ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Ƙorafi na uku shi ya fi nauyi, watau cewa kuɗi ne ke rusa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Maganin wannan shi ne rubutu da bayyana gaskiya: asusu a banki, mutum biyu ko uku masu sa hannu, a kuma karanta lissafi a gaban kowa a taron shekara.

Saboda haka ya kamata kowane aji na tsofaffin ɗaliban Rano da Kibiya ya buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowa, rayayye da mamaci, da garinsu, da yawan 'ya'yan da aka bari. A yanka ɗan abin da kowa zai iya bayarwa duk wata, a keɓe shi ga karatun marayu da biyan ƙananan basussuka. A wakilta mutum guda ga kowane gida, wanda zai riƙa leƙawa ko da sau ɗaya a zangon karatu, ya ga sakamakon yara da idonsa. Yaron da ya gama sakandare a nema masa gurbi, ko a jami'a ko a makarantar koyon sana'a ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke nan Rano. Taron shekara kuma, maimakon a kama zauren otal a birni, a kai shi tsohuwar makaranta, a ga halin da azuzuwa da rijiya suke ciki, a gyara abin da ya samu da sunan waɗanda suka rasu.

Su kuma ma'aikatan da ke raye, wajibi ne kowa ya sauƙaƙa wa na baya. A sabunta sunan magaji a fayil, a tara takardun aiki wuri guda, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake bin mutum, a sanar da iyali. Daɗin daɗawa, kada a jira sai an ji rasuwa. Abokin da ke kwance a asibiti ya fi bukatar ziyara da kuɗin magani yau. Ɗalibai kuwa da ke aji yanzu, su sani cewa wanda suke raba sabulu da shi a ɗakin kwana wataƙila shi ne zai tsaya wa 'ya'yansu wata rana, don haka su riƙe juna da amana tun daga yanzu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya yafe musu kurakuransu, Ya raya abin da suka bari, Ya kuma ba abokansu ikon sauke wannan nauyi, amin.