Sharhi: Lafiyar Jimeta da Yola tana farawa ne daga tsarin unguwa

A watan Satumbar 2024, gwamnatin Jihar Adamawa ta tabbatar da ɓarkewar cutar kwalara a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, jim kaɗan bayan ambaliya. Cutar ta fi ƙamari a tsofaffin unguwannin Jimeta masu cunkoso, irin su Alkalawa da Limawa da Ajiya. A watan Yulin 2025 kuma, ruwa ya mamaye Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi a Yola ta Kudu, inda sama da mutum 20 suka rasa rayukansu.

Masana harkar lafiya sun daɗe suna nuni da cewa irin waɗannan masifu ba sa raba kansu daidai. Sukan faɗa wa mazauna kwari da gaɓar Kogin Binuwai, inda magudanan ruwa suka toshe, rijiya ke maƙwabtaka da masai, kuma iyali ke dogaro da 'yan garuwa. Duk da kasancewar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru a birnin, majinyaci yakan isa can ne bayan aikin gama ya gama.

Doka ta tanadi hanyar gyara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin samar da cibiya mai aiki a kowace mazaɓa, Adamawa kuwa tana da mazaɓu 226. Haka nan, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Sai dai kuɗin asibiti ba ya haƙa kwalbati. Hukumar tsara birane ke bayar da izinin gini, hukumar ruwa ke shimfiɗa bututu, ƙaramar hukuma ke kula da shara da kasuwa, kuma kowacce tana da kasafinta. Matuƙar ba su zauna tare da jami'an lafiya ba, za a ci gaba da jinyar cutar da aka gina da hannu.

Abin da ya kamata shi ne a riƙa fitar da alƙaluman cututtuka mazaɓa-mazaɓa, a kuma raba ayyukan ruwa da magudanai bisa su. A nemi ra'ayin jami'an lafiya kafin a yanka filaye, a bai wa kwamitocin raya mazaɓu, musamman mata da masu unguwanni, kujera lokacin tsara kasafi. Wanda aka tasa daga hanyar ruwa kuma a ba shi matsuguni, domin rusau kaɗai kan mayar da talaka wani kwarin ne.

Damina mai zuwa za ta nuna ko an ɗauki darasi.